Ɗan Aike Tsakanin Rumbu da Ma'aji: Yadda Ake Tsare Bayanan da ke Cikin Kwamfuta



Ba mamaki wasu daga cikinku, da suka ga sunan malamin Hausa a ƙarƙashin wannan take, sun tambayi kansu, shin me ya haɗa kifi da kaska? Amsar ba ta da nisa. Sa'ad da aka buga ƙamusun Bargery a 1934, aikin shekaru masu yawa ya bazu cikin ɗakunan karatu na ƙasashe daban-daban, ta yadda in gara ta cinye na wani gari, na wani garin yana nan lafiya lau. Buga littafi shi kansa ajiya ne. Amma kalmomin da masu nazari ke tarawa a yau, da jerin rubuce-rubucen ajami da ake ƙididdigewa, da sakamakon jarrabawar ɗalibai, har da lissafin albashin da ni da ku muke jira ƙarshen wata, sau da yawa a cikin kwamfuta guda suke zaune, a ɗaki guda. Wanda ya damƙa aikin rayuwarsa ga irin wannan wuri ya cancanci ya san yadda ake tsare masa shi, ko da kuwa ba shi ne ke riƙe da makullin ɗakin ba.

Sai mu daidaita a kan kalmomi kafin mu yi nisa. In na ce rumbun bayanai, ina nufin manhajar da ke adana bayanai a jere cikin jadawali, tana amsa tambayoyin mutane da yawa a lokaci guda, irin su PostgreSQL da MySQL da Oracle. In na ce ma'aji, ina nufin wata manhaja dabam wadda ke bin kwamfutocin ma'aikata ta hanyar sadarwa, galibi da tsakar dare, tana kwasar kwafin fayilolinsu tana kaiwa wuri guda. Abin da take tarawa kuwa shi ne kwafin ko-ta-kwana. Na ukunsu shi ne ɗan gajeren fayil wanda mutum yakan jera umarni a cikinsa, layi bayan layi, domin na'ura ta bi su ba tare da kowa yana tsaye a kanta ba. Turawa suna kiransa sikirif. Ni dai ɗan aike zan kira shi, domin a wannan sha'ani aikinsa ke nan: ya je wurin rumbu ya karɓo saƙo, ya kai wa ma'aji, sa'an nan ya faɗi gaskiyar abin da ya tarar.

Littafin da ake rubutu a cikinsa

Tambaya ta fari ita ce, me ya sa ake bukatar ɗan aike tun farko? Ai rumbun bayanai ma fayiloli ne a kan faifai, ma'aji kuwa kwashe fayiloli ne aikinsa. Me zai hana ya kwashe su kamar sauran?

Mu ƙaddara wani attajiri yana da babban littafin lissafi mai shafi 300, akawunsa na zaune yana rubutu a ciki tun safe har yamma. Sai aka kawo mai kwafi aka ce ya juye littafin, amma ba a ce akawu ya dakata ba. Mai kwafi ya fara daga farko, ya kwafe shafi na 12, inda aka rubuta cewa Malam Wane yana da ajiyar Naira 50,000. Yana cikin shafi na 100 sai Malam Wane ya zo ya ce a mayar da kuɗin nan ga ƙanensa. Akawu ya soke su daga shafi na 12, ya shigar da su a shafi na 200. Da mai kwafi ya iso shafi na 200 sai ya tarar da su, ya rubuta. To, ku duba abin da ya samu. Kowane shafi an kwafe shi daidai, ba kuskuren ko ɗigo, amma a cikin kwafin kuɗin nan sun zauna wuri biyu, wa yana da su, ƙane yana da su. Watau an sami littafin da bai taɓa kasancewa haka ba ko da na daƙiƙa ɗaya.

Haka abin yake ga rumbu, har ma ya fi haka muni. PostgreSQL yana rubuta bayanansa a shafuffuka masu kilobayit 8, sashen MySQL da ake kira InnoDB kuwa masu kilobayit 16. Yawancin canjin da aka yi yanzu-yanzu bai ma sauka kan shafinsa na faifai ba tukuna, yana riƙe a ƙwaƙwalwar na'ura. Ga kuma fihirisa, waɗanda fayilolinsu ko shafuffukansu dabam suke da na jadawalin da suke nunawa. In ma'aji ya bi ta kansu yana kwasa, zai ɗauki wannan fayil da ƙarfe 2, wancan da ƙarfe 2 da rabi, wani shafin ma ya same shi ana tsakiyar rubuta shi, rabi sabo rabi tsoho. Da safe zai ba da rahoto cewa komai ya tafi daidai, kuma bai yi ƙarya ba, domin abin da aka sa shi ya yi. Shi bai san akwai akawu ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce a rufe kanti, watau a tsayar da rumbun, a kwashe fayilolinsa, a sake tayar da shi. Ga ƙaramin ofishin da ba mai taɓa na'ura bayan an tashi aiki, wannan hanya ba ta da aibi, kuma bai kamata kowa ya ji kunyar binta ba. Amma asibiti ko banki, ko jami'a a makon rajista, ba su da daren da za su rufe.

Saboda haka aka fi bin wata hanyar, wadda ita ce a roƙi akawu shi da kansa ya yi shifta. Kowane rumbu yana da manhajarsa ta yin haka: pg_dump ga PostgreSQL, mysqldump ga MySQL. Asirin abin shi ne, in an canja wani layi a PostgreSQL, ba a shafe tsohon nan take, ana barinsa har sai an tabbata babu sauran mai bukatarsa. Don haka pg_dump yana iya ganin rumbun kamar yadda yake daidai lokacin da ya soma, ko da zai yi awa 3 yana karantowa, jama'a kuwa suna ta rubutunsu ba wanda ya tsaya. A MySQL ana samun haka in an ƙara wa mysqldump kalmar single-transaction, muddin jadawalan na InnoDB ne. Abin da ke fitowa fayil ne guda, a kwance, ba mai taɓa shi. Irin wannan kuwa ma'aji ya san yadda zai yi da shi.

Ma'aji da ƙofofinsa biyu

Manhajojin ajiya sun daɗe. Amanda ta fito ne daga Jami'ar Maryland ta Amurka, inda James da Silva ya soma rubuta ta a 1991 domin kwamfuta guda mai na'urar kaset ta riƙa kwashe fayilolin sauran kwamfutocin sashensu. Bacula kuwa Kern Sibbald ne ya soma ta a 2000, aka sake ta ga jama'a a 2002. Da ita zan fi ba da misali saboda tsarinta a bayyane yake. Tana da shugaba mai riƙe da jadawalin aiki, da wakili a kan kowace kwamfutar da za a kwashe, da mai tsaron kaset ko faifan da ake zubawa, da kuma kundin da ake rubuta wane fayil ne ya shiga wane kaset a wace rana.

Masu tsara waɗannan manhajoji sun san ba za su iya koya musu harshen kowane rumbu na duniya ba, sai suka bar ƙofofi biyu, ɗaya kafin a fara kwasa, ɗaya bayan an gama. A Bacula sunansu ClientRunBeforeJob da ClientRunAfterJob, a Amanda kuwa pre-dle-backup da post-dle-backup. Duk abin da aka rataya a ƙofar farko sai wakili ya aiwatar da shi, ya jira ya ƙare, sa'an nan ya soma ɗaukar fayiloli. Nan ne mazaunin ɗan aike. Na ƙofar farko ya sa rumbu ya yi shifta cikin wani babban fayil da aka keɓe, ma'aji ya ɗauke, na ƙofar baya ya share wurin. A cikin jerin abin da ma'aji zai ɗauka kuma sai a cire ainihin fayilolin rumbun masu rai, domin ɗaukarsu ɓata kaset ne, kuma wata rana wani da bai sani ba zai iya mayar da su yana zaton su ne ajiyar.

Wannan shi ne tsarin duka, kuma mai wayo zai rubuta shi cikin layi 5. Abin da ya rage na wannan lacca kusan duk a kan yadda layukan nan 5 suke cin amana ne.

Lambar sallama

A tsarin Unix da 'ya'yansa irin su Linux, kowace manhaja in ta gama aiki takan bar lamba guda ga wanda ya kira ta, tsakanin 0 da 255. Zan kira ta lambar sallama. Sifiri na nufin an gama lafiya, duk wata lamba kuwa na nufin akwai matsala. Ma'aji ba ya karanta abin da ɗan aike ya rubuta, ba ya buɗe fayil ya ga ko akwai wani abu a ciki. Lambar nan kaɗai yake dubawa. In ɗan aiken ƙofar farko ya dawo da abin da ba sifiri ba, Bacula takan soke aikin daren nan ta kai ƙara. In ya dawo da sifiri, sai ta ci gaba da zuciya ɗaya. Watau amincin ajiyar ma'aikata baki ɗaya ya rataya ga kalma guda da ɗan aike ke faɗa a bakin ƙofa.

Ga inda gizo ke saƙa. Lambar sallamar ɗan aike, in ba a tsara wani abu dabam ba, ita ce ta umarnin ƙarshe da ya aiwatar. Mutum ya rubuta layin pg_dump, a ƙarƙashinsa kuma, don ladabi, ya ƙara layin da ke buga “an gama”. Ranar da pg_dump ya gaza, ko don an canja kalmar sirri ko don faifai ya cika, na'ura za ta wuce layi na gaba, ta buga “an gama” ba tare da wata wahala ba, ta dawo da sifiri.

Akwai wanda ya fi wannan ɓuya. Domin rage girman fayil, kusan kowa yakan haɗa manhajoji biyu da abin da ake kira bututu, kamar haka:

pg_dump kamus | gzip > kamus.gz

Ma'anarsa, abin da pg_dump ya karanto daga rumbun da ake kira kamus ya kwarara kai tsaye zuwa gzip, shi kuma ya matse shi ya ajiye. To, lambar sallamar bututu ta na ƙarshen layi ce, watau gzip. In pg_dump ya faɗi tun bai fitar da ko harafi ɗaya ba, gzip zai karɓi babu, ya matse babu, ya fitar da fayil mai bayit 20, ya ce lafiya lau. Ma'aji ya ɗauki bayit 20 ɗin nan ya kai kaset, ya rubuta su a kundi da suna da kwanan wata. Ana iya yin wata 6 a haka, kowace safiya rahoto na zuwa da albishir, ana ta ganin kitse ga rogo. Maganinsa layi ɗaya ne a saman ɗan aike, set -o pipefail, wanda ke sa gazawar kowane ɓangare na bututu ta zama gazawar bututun duka. Ana kuma haɗa shi da set -e domin ɗan aike ya tsaya a kuskuren farko, ko da yake ni na fi natsuwa da wanda ya bi kowane muhimmin umarni ya duba lambarsa da hannu, saboda set -e yana da wuraren da yakan kau da kai.

Sai batun suna. In ɗan aike yana rubutawa kai tsaye a kan fayil ɗin jiya, aka ɗauke wuta yana tsakiya, abin da ba baƙo ba ne gare mu, to an rasa na jiya, na yau kuma guntu ne. In kuwa ya gaza tun kafin ya taɓa fayil ɗin, ma'aji zai sake ɗaukar na jiya ya ba shi kwanan watan yau. Dabarar da aka saba ita ce a rubuta da sunan wucin gadi, in an gama a duba lambar sallama, a gwada girmansa da na jiya, domin rumbun da ya kai gigabayit 4 jiya ba ya wayar gari ya koma kilobayit 2, sa'an nan ne a sauya masa suna zuwa wanda ma'aji ya sani. In ɗaya daga cikin waɗannan bai yi ba, ɗan aike ya fita da lambar da ba sifiri ba, a soke aikin. Wasu masu kula da na'urori ba sa son haka, suna cewa gara a ɗauki sauran fayiloli ko da rumbu ya gaza. In haka ne sai a raba aikin biyu, na rumbu dabam na sauran fayiloli dabam. Amma a kan rumbun kansa, da muguwar rawa gara ƙin tashi, domin aikin da aka soke yana sa mutum ya tashi ya duba, wanda aka ce ya yi nasara kuwa ba mai waiwayarsa.

Abubuwa biyu ƙanana kafin in wuce. Kada a rubuta kalmar sirrin rumbu a cikin layin umarni, inda duk mai shiga na'urar zai iya hango ta. PostgreSQL yana da fayil na musamman don wannan, mai suna.pgpass, wanda ba ya ma yarda ya karanta shi in an bar shi a buɗe ga kowa. Kuma pg_dump ba ya ɗaukar sunayen masu izinin shiga rumbu da kalmomin sirrinsu, sai an nemo su dabam da pg_dumpall. Wanda ya manta da wannan zai mayar da jadawalansa duka, ya tarar ba mai ikon buɗe su.

Kullen da ke sakin kansa

Shifta tana da iyaka. Kowane dare sabon fayil ne cikakke, ko da layi ɗaya aka canja, kuma mayar da ita yakan ɗauki lokaci mai tsawo domin sai an sake gina kowane fihirisa daga tushe. Ana iya tsallake matsalar wurin ajiye fayil ɗin ta hanyar kwarara shiftar kai tsaye zuwa ma'aji, abin da Bacula ke yi da wani ɗan ƙari mai suna bpipe, sai dai a nan ba damar duba fayil kafin a aika. In rumbu ya girma ƙwarai, dole a koma kwafe shafuffukan kansu, amma da sanin akawu.

Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne, kafin rumbu ya taɓa kowane shafi, yakan fara rubuta canjin da zai yi a wata rajista ta dabam. A PostgreSQL ana kiranta WAL, tana fita gunduwa-gunduwa, kowace megabayit 16 in ba a sauya ba. In mai kwafinmu na ɗazu ya juye littafin a hargitse, amma aka haɗa masa da rajistar duk abin da akawu ya yi tun daga lokacin da ya soma har ya gama, to ana iya bin rajistar a gyara kowane shafi, Naira 50,000 ɗin nan su koma wuri ɗaya. In kuma aka ci gaba da adana rajistar bayan nan, ana iya mayar da rumbu zuwa kowane lokaci da aka so, alal misali minti ɗaya kafin wani ya goge jadawali bisa kuskure. PostgreSQL ya sami wannan iko tun bugu na 8.0 a 2005. A nan ma lambar sallama ce ke mulki: rumbu yakan miƙa kowace gunduwa ga umarnin da aka ba shi, in ya ji sifiri sai ya ɗauka ta tsira, ya sake amfani da wurinta. Ɗan aiken da ya ce sifiri alhali bai ajiye ba ya yanke sarƙar ke nan, kuma duk abin da ya biyo bayan wannan giɓi ba shi da amfani.

Tun da ƙofofi biyu ne, hankali yakan ba mutum ya sa na farko ya ce wa rumbu “dakata”, na biyu ya ce “ci gaba”. A MySQL akwai umarnin FLUSH TABLES WITH READ LOCK, mai hana rubutu. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, wannan kulle yana nan ne muddin wanda ya nema yana kan layi, kamar mai riƙe da ƙyaure da hannunsa. Ɗan aiken farko ya kira rumbu, ya kulle, ya yi sallama ya fita, kullen ya sake nan take, tun ma'aji bai ɗauki ko fayil ɗaya ba. PostgreSQL a da yana da hanyar da ke jure wannan, inda ake kiran pg_start_backup a ƙofar farko, pg_stop_backup a ta biyu. Amma tana da haɗari, domin in na'ura ta mutu a tsakani, alamar da aka bari a cikin rumbun tana iya hana shi tashi. A bugu na 15, cikin 2022, aka cire ta, aka sauya sunayen zuwa pg_backup_start da pg_backup_stop, kuma dole a kira su a zama guda ba tare da an katse layi ba. Duk ma'aikatar da ta ɗaukaka rumbunta ta bar tsofaffin 'yan aikenta yadda suke, to sun daina aiki tun ranar. Shawarata ga wanda ba gwani ba ita ce ya bar wannan rawa, ya sa ɗan aiken farko ya kira pg_basebackup, wanda ke yin komai da kansa ya ajiye a wuri guda, ma'aji ya ɗauka.

Wani abin ban sha'awa, kundin Bacula shi kansa rumbun bayanai ne. Don haka a cikin tsarin da take zuwa da shi akwai aiki na musamman mai suna BackupCatalog, wanda ke gudana bayan sauran sun gama: ɗan aike ya yi shiftar kundin, a ɗauka, wani ya share. Wanda ya rasa kundin nan yana da kaset ɗinsa duka amma bai san abin da ke cikin kowanne ba, sai ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya faru a 2017

Kada a ɗauka ƙananan ma'aikatu kaɗai wannan ke samu. Ranar 31 ga Janairu 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab, inda masu rubuta manhaja daga ko'ina a duniya ke ajiye aikinsu, yana ƙoƙarin gyara rumbu na biyu wanda ya kasa bin sawun na farko. Ya ba da umarnin share fayiloli yana zaton a kan na biyun yake, ashe a kan na farko ne. Kafin ya tsayar, daga wajen gigabayit 300 saura kamar 4.5. Kamfanin da kansa ya wallafa bayanin abin da ya biyo baya, abin da ya cancanci yabo.

Suna da ɗan aike mai yin pg_dump kowace rana. Da aka je wurin ajiyar sai aka tarar wayam. Dalili kuwa, rumbun bugu na 9.6 ne, amma pg_dump ɗin da ake kira na 9.2 ne, shi kuwa ba ya yarda ya karanta rumbun da ya fi shi sabunta. Ya daɗe yana gazawa. An kuma tsara a aika wasiƙar imel in an gaza, ana ta aikawa, amma na'urar karɓar wasiƙu tana mayar da su saboda ba su cika wani sharaɗin tantance mai aikowa ba. Ɗan aike ya faɗi gaskiya, sai dai ba ta isa kunnen kowa ba, mutane kuma suka ɗauki shirun a matsayin lafiya. Abin da ya cece su wani hoton faifai ne da aka ɗauka da hannu wajen awa 6 kafin abin ya faru, don wata bukata dabam. Kwafo shi ya ci kusan awa 18, kuma an rasa ayyuka wajen 5,000, da sharhi wajen 5,000, da sababbin masu rajista wajen 700.

Darasin da masu sana'ar suka ɗauka shi ne a juya tsarin rahoto. Maimakon a jira wasiƙar gazawa, sai a sa wata na'ura dabam ta riƙa jiran labarin nasara kowace safiya, in bai zo ba ta tayar da mutane.

Mayarwa

Ko an bi duk abin da na faɗa, ba a san kwafi na da kyau ba sai an mayar da shi an gani, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan ma aikin ɗan aike ne. Sau ɗaya a mako, ko a wata, ya nemi ma'aji ya fito da kwafin jiya daga inda aka ajiye shi, ya zuba shi a wata na'ura dabam, ya tayar da rumbu, ya ƙirga layukan manyan jadawali, ya duba kwanan watan layi na ƙarshe, ya kuma rubuta tsawon lokacin da aikin ya ci. Wannan adadi na ƙarshe shi ne amsar da shugaban ma'aikata zai nema ranar da abu ya lalace. Wurin ajiyar kuma ya kasance nesa da rumbun. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, waɗanda kwafinsu ke wuri ɗaya da na'urorinsu suka rasa duka biyu.

Mu masu rubutu da Hausa muna da wani gwaji na ƙari wanda mai rubutu da Turanci ba ya bukata. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, ba su cikin tsohon tsarin haruffa na latin1, wanda shi ne MySQL ke ɗauka in ba a zaɓa masa wani ba, har zuwa bugu na 8.0 a 2018. A tsarin UTF-8 kowannensu bayit 2 ne. Akwai tsofaffin rumbuna da aka yi shekaru ana zuba musu Hausa ta UTF-8 a cikin jadawalin da aka yi wa lakabin latin1, komai na fita daidai a allo, domin yadda bayit suka shiga haka suke fitowa. Ranar da aka mayar da shiftar a sabuwar na'ura mai magana da UTF-8, sai kowane bayit ya tsaya a matsayin harafi mai zaman kansa, ƙasa ta koma Æ™asa. Ƙirgar layuka za ta fito daidai, lambar sallama sifiri ce, amma ƙamus ya tashi daga aiki. In an gano da wuri gyaransa ba wuya, tun da ainihin bayanan suna nan. In kuwa wani ya yi gaggawar “tsabtace” baƙin alamomin ya mayar da su k da d da b, to ƙasa da kasa sun zama abu guda, haka ɓata da bata, haka ɗaka da daka, kuma ba na'urar da za ta raba su sai mutum ya zauna ya bi kalma-kalma. Saboda haka duk ɗan aiken da ke gwada mayar da rumbun Hausa, a ba shi kalmomi kaɗan masu ƙugiya waɗanda aka san suna ciki, ya nemo su harafi da harafi, in bai same su ba ya fita da lambar da ba sifiri ba.

Shugaba, nan zan dakata, in akwai tambayoyi ina saurare.